Labarin Gardama a kan Ceto a Sokode da Dapaong



Al'ada ce a lokacin jubili a lasafta majami'un da aka gina, da makarantun da aka buɗe, da bayin Allah waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wannan duka daidai ne. Amma mu a nan labarin wata gardama mu ke so mu bayar. Watakila wani ya ce, ina ruwan biki da gardama? To, ku tuna da asalin jubili. A cikin Littafin Firistoci sura 25 an umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta 50, a busa ƙaho cikin ƙasa duka. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonarsa ya koma kanta, wanda ya sayar da kansa ga bauta ya fita ɗa, bai kuwa biya ko anini ba a ran nan. Tambayar da ta dame mu ke nan tun farkon aikin bishara a ƙasar nan. Mutumin da aka 'yanta kyauta, me ya rage a wuyansa? Yana iya komawa bauta? In kuwa ya koma, me za a ce da 'yancinsa na fari?

Hanyar fatake

Tun Bature bai taka ƙasar nan ba kakanninmu sun san ta. Ayarin fatake ya kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Borgu da Jugu, ya ratsa ƙasar Kotokoli, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja domin goro. Wani ayarin kuwa ya kan bi ta arewa, ta ƙasar Gurma, ya sauka a Sansanin Mango. A Didaure, wadda yanzu unguwa ce cikin Sokode, 'yan kasuwa Musulmi suka yi zamansu ƙarƙashin sarakunan Tem, shi ya sa har wa yau yawancin mutanen garin Musulmi ne. Dapaong kuwa, wadda a dā a ke rubuta ta Dapango, tana can ƙurewar arewa, fiye da kilomita 600 daga Lome, a ƙasar Moba da Gurma, inda mutane suka daɗe suna yi wa kakanninsu yanka.

A shekara ta 1884 Jamusawa suka kafa tutarsu a bakin teku, suka ɗauki Hausawa cikin sojansu na fari. Wajen 1898 suka kafa bariki a Sokode. Wani daga cikinsu, Adam Mischlich, wanda dā ɗan mishan ne na Basel kafin ya shiga aikin gwamnati, ya zauna a Kete-Krachi tare da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, har ya buga ƙamus na Hausa a 1906. Amma bishara ba ta biyo hanyan nan da wuri ba. Mishan ta Bremen ta soma aiki cikin Ewe tun 1847, Katolika kuma suka sauka Lome a 1892, duka a kudu. A 1907 gwamnatin Jamus ta rufe arewa, domin tana tsoron tashin hankali. Sai a 1913 mishan ta Basel ta sami zama a Yendi, Katolika kuma a Alejo, arewa da Sokode. Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke, Jamusawa suka ba da kai a Kamina cikin Agusta 1914, daga baya aka kori 'yan mishan nasu duka.

Yadda ekklesiyoyi suka taru a arewa

Masu bi na kudu ba su watse ba. A 1922 suka yi babban taro a Kpalime, suka zaɓi Fasto Andreas Aku ya shugabance su, a 1929 kuma mishan ta Paris ta zo ta taimake su. Daga wannan ekklesiya, wadda yanzu a ke kira Presbiteriyan, waɗansu suka hauro arewa da bishara.

Ta Dapaong kuwa daga sama ta gangaro. 'Yan mishan na Assemblées de Dieu daga Amurka sun isa Wagadugu a 1921. Tsakanin 1936 da 1940 masu bishara Mosawa suka ƙetaro iyaka zuwa ƙasar Moba, sa'an nan Turawan mishan suka biyo sawunsu suka zauna a Dapango. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: baƙaƙen fata ne irinmu suka share hanya. Daga can aikin ya yi ta gangarowa kudu, har a 1971 suka buɗe babbar makarantar tauhidi a Lome.

Katolika su ma ba su zauna ba. An ware Sokode ta zama yanki mai shugaban kansa a 1937, ta sami kujerar bishop a 1955, Dapango kuma a 1965. Togo ta sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu 1960. 'Yan mishan Baftis na kudancin Amurka suka iso ƙasar a 1964. 'Yan Lutheran na Missouri suka soma aiki cikin Moba a 1980, suka buɗe makarantar horad da fastoci a Dapaong a 1997, wadda ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam dabam masu jin Faransanci. Wata mishan ta Baftis kuma ta buɗe asibiti a Mango a 2015.

Ta haka koyarwa iri iri, waɗanda Turawa suka yi shekaru ɗaruruwa suna gardama a kansu, suka zo suka haɗu a kan hanya ɗaya, wani lokaci ma a unguwa ɗaya. Mu masu karatun Hausa kuwa 'yan kaɗan ne a cikin zanguna, amma mun sami rabo babba. Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa cikin harshenmu tun 1932, da wahalar Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, tun ba a juya shi cikin harsunan Tem da Moba ba. Saboda haka kome mai wa'azi ya faɗa, mu kan buɗe mu duba.

Maganar da ta kan zo gaban dattawa

Kada wani ya yi tsammani gardamar malamai ce kawai. Ga irin maganar da dattawanmu suka sha zama a kanta.

Saurayi ɗan zango ya ji bishara, ya ba da gaskiya, ya yi ajin baftisma shekara guda, aka yi masa baftisma a rafi a gaban jama'a. Ubansa ya karɓe jarin da ya ba shi, surukansa suka ɗauke matarsa da ɗansa, babu mai sayen kayansa a kasuwa. Ya daure shekara biyu. Sa'an nan uwarsa ta kwanta ciwo, ta aiko masa cewa ba za ta yafe masa nononta ba sai ya komo. Ya koma. Bayan shekara bakwai sai ga shi da dare a ƙofar mai bishara, yana kuka, yana tambaya, "Baba, da na mutu cikin shekarun nan, ina zan tafi? Yanzu kuma akwai sauran wuri domina?"

A ƙasar Moba maganar ta kan zo da wata kama. Mutum ya ƙone layunsa, ya bar tsafi. Ɗansa ya kamu da ciwo, 'yan'uwa suka matsa masa, ya je wurin boka da dare, ya yanka kaza a kan kabarin ubansa. Ko kuwa mai bi ne wanda bai taɓa fashin sujada ba, yana ba da zakka, amma mudunsa biyu ne, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, in an yi masa magana ya ce ai an cece shi tun tuni.

A irin wannan zama dattijo ɗaya ya kan buɗe Yohanna sura 10, inda Ubangiji ya yi alkawari babu mai ƙwace tumakinsa daga gare shi. Wani kuma ya buɗe Yohanna sura 15, inda a ke sare reshen da bai zauna cikin kuringa ba. Wannan ya kawo Romawa sura 8, wancan ya kawo Ibraniyawa sura 6. Dukansu masu tsoron Allah ne, littafi ɗaya kuma ke hannunsu. Domin mu gane abin da ya raba su, sai mu koma baya ƙwarai.

Tushen gardamar

Tun manzanni suna da rai aka soma. A Ayyukan Manzanni sura 15, waɗansu suka ce al'ummai ba su da ceto sai an yi musu kaciya bisa ga shari'ar Musa. Aka taru a Urushalima. Bitrus ya nuna Bayahude da ba'al'umme duk ta alheri ɗaya su ke samun ceto, aka sauke wa al'ummai wannan kaya. Duk da haka taron nan ya rubuta musu su rabu da abin da aka yanka wa gumaka, da fasikanci. Ga kyauta, ga kuma biyayya, a cikin takarda guda.

Bulus, a Romawa sura 4, ya kafa hujja da Ibrahim cewa Allah ya lasafta shi mai adalci saboda ya gaskata alkawari, tun bai yi wani aiki ba. Yaƙub kuma, a sura 2 ta wasiƙarsa, ya kafa hujja da Ibrahim ɗin nan dai cewa bangaskiyarsa ta bayyana sa'ad da ya miƙa ɗansa. Bulus yana magana da mai taƙama da ayyukansa. Yaƙub yana magana da mai taƙama da bakinsa, wanda ya ga ɗan'uwa da yunwa ya sallame shi da addu'a kaɗai. Magani biyu ne domin cuta biyu.

Maganar masu ja da baya kuwa, a ƙasarmu ta Afirka aka fara yanke ta. A shekara ta 250 Sarkin Rum Dikiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga allolin Rum, ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yanzu, suka ji tsoro suka yi hadayar, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka komo suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wani malami a Rum, Nobatiyan, ya ce ekklesiya ba ta da ikon karɓarsu har abada. Waɗansu suka ce a buɗe musu nan da nan. Bishop Sifiriyan na Kartaj ya tara 'yan'uwansa a 251, suka bi tsakiya: a karɓe su, amma bayan tuba da zaman horo. Shi kansa an sare kansa saboda Kristi a 258, don haka ba wanda zai ce tsoro ne ya sa ya yi sassauci.

Bayan wannan sai wani malami daga tsibirin Biritaniya, Filajiyus, ya ga lalacewar masu bi a Rum, ya koyar cewa mutum yana da ikon kiyaye dokar Allah in dai ya ga dama. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya amsa masa cewa zunubi ya ɗaure nufin mutum, har son tuba ma kyauta ce daga Allah. Taron Kartaj na 418 ya ƙi koyarwar Filajiyus.

Daga Luther zuwa Wesley

A 1517 Martin Luther na ƙasar Jamus ya tashi a kan sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Shi kansa ya gwada azumi da tsaron dare har ya rame, bai sami salama ba, sai da ya gane daga wasiƙar Romawa cewa adalcin da Allah ke nema shi ne ya ke bayarwa. Wannan ne a ke kira baratarwa ta wurin bangaskiya kaɗai, watau Allah ya lasafta mai zunubi marar laifi saboda Kristi. Zafin gardama har ya sa Luther ya rena wasiƙar Yaƙub a 1522, ya kwatanta ta da tattaka, ko da ya ke bai cire ta daga Littafin ba. Amma mabiyansa, cikin shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg a 1530, sun rubuta ayyuka nagari wajibi ne su biyo bangaskiya, suka kuma ƙi masu cewa wanda aka baratar ba ya iya rasa Ruhu Mai Tsarki.

Katolika suka ba da tasu amsa a taron Trent a 1547. Suka yarda mafarin ceto alheri ne wanda ba mai iya sayensa. Amma suka ce mutum yana haɗa kai da alherin, babban zunubi yana kawad da shi, a kan komo da shi ta wurin furta zunubi ga firist, ba kuwa mai iya tabbatawa sarai zai jimre har ƙarshe sai in Allah ya bayyana masa.

Sa'an nan 'yan gyara suka rabu a junansu. Almajiran John Calvin na Geneva suka ce wanda Allah ya zaɓa, Allah zai riƙe shi har ƙarshe. Almajiran Arminiyus na ƙasar Holand suka kai ƙara a 1610, suna cewa Kristi ya mutu domin kowa, mutum kuma yana iya ƙin alheri. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ba mutanen Calvin gaskiya, amma maganar ba ta mutu ba. A Ingila ta raba aminai biyu, John Wesley da George Whitefield, wajen 1740. Wesley ya ce mai bi yana iya fāɗuwa, Whitefield ya ce ba ya iyawa. Kowa ya kama hanyarsa, dubban mutane kuwa suka tuba ta bakin kowannensu. Da Whitefield ya rasu a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a London. Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa, amma baki ɗaya su ke kwana.

Amsa huɗu a gari ɗaya

To, abin da jiragen ruwa suka kawo mana ke nan. In saurayin nan na zango ya zaga majami'un Sokode ko Dapaong da tambayarsa, ga abin da zai ji.

'Yan Assemblées de Dieu, waɗanda aka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1914, a gefen Wesley su ke. Manyansu na can sun rubuta a 1978 cewa mai bi yana da tsaro muddin yana zaune cikin Kristi, ba kowane tuntuɓe ke raba shi da ceto ba, amma wanda ya juya baya ya ƙi bangaskiya yana iya ɓacewa. Za su ce masa, "Ka shiga hatsari na gaske. Ka tuba yau."

Baftis, bisa ga shaidar bangaskiyarsu ta 1963 da 2000, sun ce mai bi na gaske yana iya fāɗawa cikin zunubi, ya ɓata wa Ruhu rai, ya jawo wa kansa horo, amma ba zai ɓace ba. Za su ce masa, "In an haife ka da gaske, ɗa ne kai ko a gidan wa ka kwana. Kukan nan naka alama ce Ubanka bai sake ka ba."

'Yan Lutheran za su ce ceto aikin Allah ne daga fari har ƙarshe, amma mutum yana iya yar da bangaskiyarsa. Za su mai da shi ga baftismarsa, su ce alkawarin da Allah ya yi masa a ran nan yana nan bai tashi ba, shi ne ya tashi daga kansa, ya komo.

Katolika kuma za su aike shi wurin firist ya furta zunubinsa. A 1999, a garin Augsburg, su da babbar tarayyar Lutheran ta duniya suka sa hannu a takarda, suka shaida tare cewa ta wurin alheri kaɗai a ke karɓarmu, Ruhu kuma shi ke sa mu yi ayyuka nagari. 'Yan Methodist suka shiga a 2006. Amma Lutheran na Missouri, waɗanda suka kafa makarantar Dapaong, ba su sa hannu ba, gama a ganinsu ba a warware maganar ba tukuna.

Maƙwabtanmu ma sun yi irinta

Wani lokaci 'yan'uwanmu Musulmi su kan ce mana, "Ku kun ce an biya muku, ashe sai ku yi abin da kuka ga dama." Kada mu yi fushi, gama halin waɗansunmu ne ya sa musu maganar a baki. Kada kuma mu yi musu ƙarya mu ce ba su san jinƙan Allah ba. Su ma sun yi wannan gardama tun ƙarninsu na fari. Hawarijawa suka ce mai babban zunubi ya fita daga addini, Murji'awa suka ce a bar wa Allah hukuncinsa. A ƙasarmu ta asali ma, sa'ad da yaƙin jihadi ya kai Barno a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa Sakkwato cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya amsa cewa ba saɓo kawai su ke magana a kai ba, yanka ga duwatsu da itatuwa ne, da goyon bayan maƙiya. Ashe duk inda mutane suka ɗauki Allah da nauyi, wannan tambaya sai ta tashi.

Abin da ya bambanta bishara, kakanninmu suna da kalmarsa. A zamanin bauta, bawa ya kan biya ubangijinsa murgu domin ya yi sana'ar kansa, ya yi ta tara kuɗi kaɗan kaɗan har ya fanshi kansa. Wani bawan kuwa, wani ne dabam ya kan biya fansarsa gaba ɗaya. Bishara ba murgu ba ce. Bashin ya fi ƙarfinmu, Kristi ne ya biya shi duka a kan gicciye. Amma ku dubi Afisawa sura 2. Aya ta 8 da ta 9 sun rufe bakin mai fahariya da aiki, aya ta 10 kuwa ta nuna an sāke halittarmu ne domin ayyuka nagari. Wanda aka fansa ba ya biyan murgu, amma ba ya komawa ya kwana a turken tsohon ubangijinsa.

Inda muka yi kuskure

Ranar jubili ranar gaskiya ce, saboda haka bari mu faɗi laifinmu. Ta fuska biyu muka karkace.

Da fari, domin tsoron kada sababbin masu bi su koma, muka tara musu dokoki: kada burukutu, kada taba, kada rawa, kada fashin sujada. Da yawa cikin dokokin nan suna da amfani, sun tsame gidaje daga talauci da faɗa. Amma mun yi ta nanata su har waɗansu suka ɗauka su ne ceton. Tsohuwa ta yi shekara 30 tana bin Ubangiji, ranar mutuwarta tana rawar jiki tana tambaya ko zakkarta ta cika. Wanda aka sa a bencin baya domin horo, sau da yawa mun bar shi can ba mai zuwa gaishe shi, har kunya ta kore shi.

Na biyu, sa'ad da manyan tarurrukan wa'azi suka yawaita, muka shiga ƙidayar hannuwan da aka ɗaga. Muka ce wa mutum an gama, alhali ko sau ɗaya ba mu taka gidansa ba. Mai mudu biyu ya sami matashin kai daga wa'azinmu. Har wa yau akwai na uku mai kama da su: mun yi ta jan tumakin juna daga wannan majami'a zuwa waccan, muna ɓata sunan 'yan'uwa a gaban waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Allah ya gafarta mana.

Abin da muka riƙe

Ba mu ce mu ne za mu yanke abin da ya gagari Dort da Trent ba. Bambancin na gaske ne, kowa kuma ya tsaya a kan abin da ya gani cikin Littafin da lamiri mai tsabta. Amma shekarun nan sun koya mana abu huɗu, waɗanda masu bishara na kowane ɓangare suka yarda da su.

Ceto kyauta ce, ba lada ba. Bangaskiya mai rai ba ta rasa 'ya'ya, kamar yadda mangwaro ba ya zama mangwaro domin ya yi 'ya'ya, amma in damina bayan damina bai yi ba, mai gona ya san akwai magana. Ba wanda ya ke da izini ya kwanta cikin zunubi yana cewa yana da tabbaci: wannan zai ce masa yana gab da fāɗuwa, wancan zai ce masa watakila bai taɓa tashi ba, amma dukansu tuba su ke kiransa. Na huɗu kuwa, ƙofa a buɗe ta ke ga mai komowa.

Ku dubi yadda dattawan nan biyu su kan ƙare zamansu. Bayan sun yi gardama har fitila ta kusa mutuwa, su kan tashi tare su tafi wurin saurayin. Ba su tambayarsa ko shi ɗan Calvin ne ko ɗan Wesley. Su kan karanta masa labarin Bitrus, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki. Su kan tuna masa da Markus, wanda ya gudu daga aiki, daga baya Bulus ya aika a kawo shi domin yana da amfani. Ba su ɓoye masa Yahuda da Dimas ba. Sa'an nan su nema masa masauki da ɗan jari, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wanda kuma aka kora daga gidan ubansa saboda Kristi, wajibi ne ya sami gida a wurinmu. Da mun yi haka tun da fari, watakila da bai koma ba.

Hikimar mai kiwo ita ce ya san wanda zai ba wane magani. Mai karyayyar zuciya a ba shi alkawaran Yohanna sura 10. Mai taurin kai a karanta masa gargaɗin Ibraniyawa. In an musanya, an kashe su duka biyu. Bulus ma, a Filibiyawa sura 2, ya haɗa su a numfashi ɗaya: mu himmantu da tsoron Allah, domin Allah ne da kansa ke aiki a cikinmu.

Kalmar ƙarshe

'Yan'uwa, kwanakin gwaji ba su wuce ba. Daga ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan kan iyaka a gabashin Dapaong, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes cikin Yuni 2022, mutane da yawa, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar kakanni, suka bar gonakinsu suka gudo gari. Mai gudun hijira da ya tsaya a ƙofarka da yunwa ba zai tambaye ka ra'ayinka a kan taron Dort ba. A nan Yaƙub ya ke jiranmu. Wanda kuma tsoro ya hana shi barci, yana tunanin ko ƙafarsa za ta tsaya in an gwada shi, a nan Bulus ya ke jiransa da labarin ƙaunar da ba abin da ke iya raba mu da ita.

Mosawan da suka ƙetaro iyaka da ƙafa, da fastocin Ewe waɗanda suka riƙe garke sa'ad da aka kori Turawa, ba su yi wannan wahala domin su sayi sama ba. Sun yi ta ne domin an riga an saye su. Mu ma mu bi sawunsu, mu riƙe juna, mu je mu nemo waɗanda suka ɓace mana cikin shekarun nan, kowa ya san nasa da suna.

Allah wanda ya fara aikin nan a Sokode da Dapaong, shi ya cika shi, ya tsare mu har ranar Kristi. Amin.